Ashe kaskon turarenmu kofin tsere ne

'Yan uwa, yau na ga ikon Allah!

Kun san kofin ƙarfen nan da muke zuba wa garwashin turaren wuta a gidanmu na unguwar Kudai? Ashe na gasar tseren motoci ne!

Bayan la'asar wani Balarabe ya tsaya a ƙofarmu da wata tsohuwar mota. Ya ce daga ƙungiyar masu tsofaffin motoci yake, sun daɗe suna cigiyar kofinsu. Wai mahaifinsa ne ya ci tseren farko, ya ba makanikensa ajiya. Makaniken nan Baba ne!

Balaraben ya ce wa Baba, "Ya ammi, kawuna, ba mu shi, za mu farfaɗo da gasar."

Baba ya rungume kofi. "Kwana uku na yi a ƙarƙashin motar ubanka. Ko sunana ba ku rubuta ba."

Na ce, "Baba, ba shi mana, duk ya ƙone!"

Ya ce, "Ke, rufe min baki."

Balaraben ya sunkuyar da kai. "Abshir, sha kuruminka, yau za a rubuta. Taso mu je."

Yanzu haka suna hanyar Jidda. Baba a gidan gaba, kofi a cinya, ko maganinsa bai ɗauka ba!