Tsamiyar Gonarmu a Hannun Rigata

Jama'a, yau na yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, wallahi!

Akwai wani tsohon malamin zane a Makarfi da ya mayar da zaurensa wurin nuna zane-zanensa. Duk na fentin ruwa ne a kan takarda: gonakin rake, fadama, duwatsu. Na shiga bayan La'asar, ko ruwan alwala bai bushe a hannuna ba.

Ina cikin kallo sai na yi turus. Gonarmu ta Dandamisa! Ga rafin, ga tsamiyar da marigayi mahaifinmu yake hutawa a gindinta!

Na ce wa malamin, "Baba, wallahi gonarmu ce!" Na dangwala yatsa a kan tsamiyar.

Ashe babu gilashi! Fenti ya narke, kore ya biyo yatsana. Na ruɗe, na sa hannun riga zan goge. Innalillahi! Rabin bishiyar ya tafi!

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Zan ɗauke ka a babur mu je gonar ka sake zana ta."

Ya kalli takardar. Ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da gonar? Iska ta kayar da tsamiyar nan tun bara. Nan kaɗai ta rage."

Ko faɗa bai yi ba. Har ƙofa ya rako ni, ya ce in gaida gida.

Koren yana nan a hannun rigata. Matata ta ce in cire ta wanke, na hana.