Warin Takalmin Kofur

Kofur ake ce masa har ya koma ga Allah, ko da yake ya daɗe da ajiye kaki. Bai taɓa wuce kofur ba, ba a kuma taɓa jin ya yi ƙorafi a kai ba. Da ya bar soja sai ya kama gadi a wani siton siminti. Yakan tsaya ƙyam a bakin ƙofa kamar an dasa shi, direbobi suna sara masa don tsokana, shi kuwa yana amsawa da gaske.

'Ya'yansa uku. Babba direba ne. Mai bi masa mace ce, tela, wadda Kofur yake kira Manjo saboda ita kaɗai ke iya ba shi umarni. Sai Auta mai gyaran waya. Labarin yaƙi bai taɓa ba su ba. In an matsa masa, sai ya ce, "An je, an dawo. Wasu ba su dawo ba," ya nemi a miƙo masa buta. Iyakar abin da suka sani na sojansa shi ne wani tabo a ƙwauri, sai takalman.

Baƙaƙe ne masu tsawo har bisa idon sawu. Ba sawa yake yi ba, silifa ne a ƙafarsa kullum. Amma in ya idar da sallar asuba zai zauna a benci, ya zura hannu cikin ɗaya, ya shafa mai, ya bi da burushi, ya ɗan tofa yawu, ya murza da tsumma har sai ya ga fuskarsa. Wanda duk ya shigo masa da takalmi buɗu-buɗu zai sha zagin da ya fi kowane zafi a bakinsa: "Farar hula!"

Babba ya tashi a hannun soja, Auta ya tashi a hannun tsoho mai kiwon kaji. Wannan ne ya fito fili da aka zo rabon kayansa. An raba ɗaki da katifa da rediyo lafiya. A kan takalman aka tsaya.

"Ni na goge su tun ban kai bencin nan tsawo ba," in ji Babba.

"Ni na yi jinyar mai su, kana can kan hanya kana danna oda," in ji Auta.

Wannan ya ja, wancan ya ja. Babba ya fita da na dama, Auta ya shige ɗaki da na hagu. Shekaru suka yi ko gaisuwa babu. In sun haɗu a masallaci, kowa ya nemi sahunsa daban.

Gwaggonsu, ƙanwar Kofur, ita ta haɗa su tana kwance a asibiti. Ta kama hannun wannan ta ɗora a na wancan, ta ce ba za ta je ta tarar da yayanta da wannan abin kunya ba. Suka gaisa, kowa na kallon ƙasa. A bakin ƙofa Babba ya ce, "Ran Asabar a gidan Manjo. Kowa ya zo da nasa, a haɗa su."

Manjo ta san sulhun ɗanye ne, ta kuma san ƙaninta. Washegari ta rufe keken ɗinki ta nufi shagonsa. Tun daga nesa ta hango takalmin. Da shi aka tokare ƙofa, an cika shi da ƙusoshi da matattun batura. Fatar ta tsage, ɓera ya ci harshen, igiyar ma babu.

"Auta, kana da hankali kuwa?"

"Yaya, wallahi da farko a saman sif yake. Iska ce ke bugo ƙofar..."

"Iska! To ran Asabar sai ka gaya wa Babba iska ce."

Ta zazzage shi ta kai wa mai gyaran takalmi na bakin titi. Ya juya shi, ya danna da babban yatsa, ya ce, "Hajiya, wannan sai dai addu'a. Amma in kina so, zan samo miki irinsa a gwanjo, na hagu, ba mai ganewa."

Ta juya maganar a ranta. Da haka kowa zai huta. Sai ta tuna Babba ya san kowace tamoji a jikin takalman nan, kuma ko bai gane ba, ita ta sani, Allah ya sani. Ta ce a ɗinke inda ya ɗinku kawai.

Ran Asabar ta share ɗakin ɗinki, ta kawar da ƙyallaye, ta dafa shayi. Babba ya riga zuwa. Ya warware wani farin tawul, ya ajiye nasa a kan tebur. Yana ƙyalli har fankar sama ta fito a hancin takalmin. Mutumin da ya sha cewa tsohon bai bar masa komai ba sai tabon bulala, ashe bai taɓa fashin gogewa ba.

Auta ya zaro nasa daga leda, ya ajiye a gefe, ya ja baya.

Manjo ba takalman take kallo ba, jijiyar da ke gefen goshin Babba take kallo, irin ta mahaifinsu sak, tana tashi. Ya ɗauki na hagun, ya duba ɗinkin, ya kifa shi. Wata ƙusa da ta maƙale ta faɗo, ta gangara ƙarƙashin keke. Ya daɗe yana duban ƙaninsa. Manjo ta matsar da butar shayi nesa da hannunsa.

"Farar hula," in ji Babba.

Da muryar Kofur ya faɗa, har da jan hancin. Auta ya so ya yi dariya, sai abin ya juye masa, ya sa hannun riga ya rufe fuska.

"Kuka ba ya goge takalmi. Zauna a ƙasa." Babba ya laluba aljihu ya fito da gwangwanin mai da burushi. "Zura hannunka ciki. Ba haka ba, kai! Kamar mai riƙe kifi."

"Ai ni bai taɓa bari na taɓa su ba, Yaya."

"Ni da mari aka koya mini. Kai ka samu a ɓagas. Tofa yawu. Kaɗan! Ba wanka za ka yi masa ba."

Manjo ta zuba shayi, ta koma kan kekenta ta ci gaba da kalmasar da ta bari.

Takalman suna ɗakinta har yau, a kan wata kanta sama da zaruruwa. Na hagun bai taɓa yin ƙyalli ba, fatar ta riga ta mutu. Duk Asabar su biyun suna zuwa, Auta yana murzawa, Babba yana mita. Wani lokaci a tsakiyar mitar sai ya ce, "Akwai ranar da Baba..." ya ba da labarin da ko Manjo ba ta taɓa ji ba.

Allah ya jiƙan Kofur, ya sa ya huta.