Sojan da Na Kwaikwaya

Har na kai aji biyar a firamare ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. In malami ya nuna ni, sai harshena ya ƙame. Wasan kwaikwayo ne ya buɗe mini baki, wannan ba na musu. A can na koyi tsayuwa gaban mutane da ɗaga murya, har karatuna ya miƙe saboda hadda. Amma in na tuna wasanmu na ƙarshen shekarar nan, har yau ƙyamarsa nake ji.

Babana soja ne, kamar iyayen yara da yawa a Zuru. Ya dawo daga fagen fama ba ko ƙwarzane a jikinsa, sai dai ba ya jure ƙara. Ko murfin tukunya ne ya faɗi, sai ka gan shi a ƙasa, hannu biyu a ka, yana karkarwa. Wata ranar kasuwa tayar babur ta fashe, ya shige ƙarƙashin teburin mai kayan miya. Malaminmu na wasa yana wurin, ya gani da idonsa.

Da aka zo rabon aiki, ni aka ba matsoracin soja. Na gwada, na sake gwadawa, ba wanda ya dara. Malam ya ja ni gefe yana murmushi, ya ce, "Kai ma dai! Ga shi kana da gwani a gida. Yi irin na babanka mana."

Malami guda, babba da shi, uban 'ya'ya! Tir da wannan hali. Ni ma ban wanke kaina ba. Don a ce na iya, sati biyu na zuba wa Baba ido. Har da gangan na saki kwanon tuwo a tsakar gida don in ga yadda yake naɗe gwiwa.

Ranar wasa iyaye suka cika filin makaranta, har daga Dabai. Baba na layi na biyu cikin rigarsa ta zuwa coci, ta sha guga. Yarinyar da ta fito a matata ta saki cokali, ni kuwa na faɗa ƙarƙashin tebur, hannu biyu a ka. Wuri ya kece da dariya. Matan unguwarmu suna tafawa, suna waiwayen Baba suna nuni da baki. Hedimasta har da share hawaye. Na ji daɗi, na ƙara karkarwa yadda na baya za su gani. Wannan daɗin da na ji shi ya fi ba ni ƙyama.

Muka kamo hanyar gida da la'asar, Baba na gaba ina binsa. Sai da muka wuce mai injin niƙa ya tsaya. Bai juyo ba, ya tambaye ni da yarenmu, a hankali:

"Ashe haka nake yi?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To, me ya sa kowa ya gane ni?"