Kazar Ya Fanta a Gindin Randa

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Kara-Kara da safe ya san Ya Fanta mai ƙosai, wadda ke zama ƙofar lakwal, makarantar bokon unguwar, da kaskonta, hannu na suya baki na tsiya. Gajera ce, amma muryarta ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Shekara talatin da biyu ke nan da aka kawo ta Zinder amarya daga Damagaram Takaya. Cikin kayanta har da kaza durgu, irin masu gajerun ƙafafun nan da ke tafiya kamar suna share ƙasa da ciki. Uwarta ce ta sa mata ita a kwando, ta ce, "Kada irin nan ya ƙare a hannunki."

Uwar ta daɗe da rasuwa. Tasoshin aure sun huje, gadon ya karye, amma kajin suna nan, uwa ta bar 'ya, 'ya ta bar jika. Da su aka tari baƙi, da su aka yi wa 'yarta Hafsa romon jego. Sai bara annoba ta shigo unguwa, ta share akurkin Ya Fanta tas, ta bar mata guda ɗaya tal, wata ja mai baƙar wutsiya, marar kunya, mai cin tuwo a kwanon mai gida.

Mai gidan kuwa shi ne Malam Zakariya'u, mai haɗa ƙofofin ƙarfe. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, sai dai a ganinsa duk abin da ba ƙarfe ba wasan yara ne. Don ya nuna ƙauna, ya rushe tsohon akurkin laka, ya ƙera na kwano, da ƙofa da sakata, har da shuɗin fenti. Ya kafa shi tsakar gida inda duk baƙo zai gani ya yaba.

"Muzuru ko da guduma ya zo, sai dai ya koma," in ji shi.

Sai bazara ta kama, irin wadda duwatsun gari ke huci kamar murhu. An ɗauke kuran, ba wutar lantarki ko'ina, pampo ya yi kwana uku bai ɗiga ba, ruwan gidan duka bai wuce rabin randa ba. Ranar nan Ya Fanta ta dawo daga suya gab da azahar, ta tuna ashe tun asuba Malam ya sa wa kaza sakata don ta zauna ta yi ƙwai. Ta buɗe, ta jawo ta. Kaza ta zube a ƙasa, baki buɗe, fukafukai a baje, ido a lumshe.

Salatinta ne ya jawo Jummai maƙwabciya, da ƙwarya a hannu.

"Kauce, Ya Fanta, in kaɗa mata! Haka muke tada 'yan tsaki in sun suma."

Ta kife kaza da ƙwarya, ta shiga duka da tafin hannu kamar ana biki. Da aka ɗaga, kaza ta ƙara yin laushi.

Malam Zakariya'u ya shigo cin abinci, ya duba sau ɗaya, ya wuce ɗaki, ya fito da wuƙa.

"Ciwon bara ne ya dawo. Riƙe min ƙafafun, uwar Hafsa, kafin ta zama mushe mu yi asarar nama."

"Malam, ita kaɗai ta rage."

"Shi ya sa. Gara ta ƙare a tukunya da ta ƙare a juji."

Ya Fanta ta juya masa baya. Ta sunkuya ta zura hannu cikin akurki don ɗauko ƙwai, damtsenta ya taɓa kwano, ta yi tsalle ta ja da baya. Matar da ke tsamo ƙosai daga mai da yatsa! Nan ta tsaya, ta sake duban kazar da idon wadda ta binne kaji goma sha ɗaya bara. Waɗancan wuyansu ya murɗe, kashinsu kore. Wannan wuyanta lafiya lau, haki kawai take.

"Ba ciwo ba ne," ta ce. "Gasa ta ka yi. Tanda ka gina mana, har da fenti."

"Ke dai ba ki rasa magana."

"Ba ni zuwa la'asar. In ladan ya kira ba ta tashi ba, ni zan riƙe maka ƙafafun."

Malam ya zauna kan turmi yana wasa wuƙa a dutse, wai don kada a ɓata lokaci.

A rumfar Ya Fanta akwai randa, binne rabinta cikin yashi mai laima, wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Ta tona rami a gindinta da hannu, ta kwantar da kaza, cikinta a jikin yashi. Ta ɗebo ruwa a moɗa, ta tsoma mata ƙafafu, ta shafa ƙarƙashin fukafukai. Ta jiƙa ɗan sukari da ɗan gishiri kamar yadda ake yi wa yaro mai zawo, tana ɗiga mata a gefen baki da ɗan yatsa. Jummai ta ajiye ƙwarya ta ɗauki faifai tana fifita.

Da moɗa ta uku ta shiga randa, Malam ya miƙe.

"Ruwan shan namu za ki ƙarar wa kaza?"

"Kai ma in ka buɗe baki ka baje hannuwa, zan ɗiga maka."

Jummai ta tuntsire da dariya har faifai ya faɗi. Ya Fanta ba ta yi dariya ba. Idonta na kan maƙogwaron kaza, tana jiran ta ga ya motsa. Can ya motsa, sau ɗaya. Ya sake. Inuwar katanga ta fara tsawo, kaza ta rufe baki, amma tashi shiru.

Ladan ya kira. Malam ya ajiye wuƙa kan turmi, ya ce bari ya yi alwala tukuna. Ya tsuguna bakin rumfa da buta, ruwa na zuba tsakanin ƙafafunsa. Sai ga baiwar Allah kaza ta ɗaga kai. Ta yunƙura ta faɗi, ta sake yunƙurawa, ta taho tana tangaɗi, ta tsaya gaban mai wuƙa, ta sa baki a ruwan alwalarsa tana sha tana kallon sama.

Ya Fanta ta rangaɗa guɗa wadda aka ji har bakin kwalta.

"To, Malam, in riƙe ƙafafun?"

"Bar ni in yi salla," ya ce, bai ɗago ba.

Washegari mai haɗa ƙofofin ƙarfe ya naɗe wando yana kwaɓa laka a ƙarƙashin dalbejiya, Ya Fanta na tsaye kansa tana nuna masa inda zai bar kafofin iska. Akurkin kwanon bai tafi banza ba, a ciki take shanya barkono, wuni biyu ya bushe ƙayau.

Bayan saukar damina jar kaza ta fito da 'yan tsaki tara, duk gajerun ƙafafu. Da suka yi ƙwari, Ya Fanta ta zaɓi biyu ta sa a kwando, ta ba direban motar Tirmini ya kai wa Hafsa da ke aure a can, da saƙon nan da tata uwar ta ba ta ranar aure, kalma da kalma. Ta ƙara nata a kai: in mijinki ya ce zai yi musu ɗaki, ki tsaya a wurin.