Sawun Ƙanwata a Katangar Gabas

Gidan gasa bulon nan na bayan unguwar Naraguta, Turawan kuza ne suka gina shi tun Baba yana saurayi. Jan bulo ne tun daga tushe har bakin bututun hayaƙi, ƙofofinsa masu lanƙwasa kamar baka, tagoginsa can sama inda hannu ba ya kai. A bakin wutar gashin wurin Baba ya ƙarar da ƙarfinsa, har gashin girarsa ya daina fitowa.

Leburorin wurin suna da wata al'ada, Musulminsu da Kiristansu. Duk wanda ɗansa ya fara tafiya sai ya kawo shi ya taka ɗanyen bulo, a gasa, a saka a katangar gabas idan an zo gyara. Nawa sawun yana ciki, ban taɓa damuwa da shi ba. Na ƙanwata ne abin magana. Ta taka nata da damina, ƙyanda ta ɗauke ta kafin kaka. Ba hoto, kabarinta kuwa ruwa ya daɗe da shafe shi. Bulon nan kaɗai ya rage, daidai ƙugun Baba, kullum sai ya shafa shi kafin ya kama aiki.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in bulon siminti ya cika gari, aka rufe gidan. Lokacin ina ɗinki a kasuwar Terminus. Da muka ji za a rushe, Baba ya sa babbar rigarsa, na raka shi wurin ɗan kwangilar da aka ba aikin.

"Ranka ya daɗe, bulo ɗaya nake roƙo," in ji Baba.

Mutumin ya yi dariya. "Haba Baba, ɗaya tak? Ka zo ran Asabar ka ɗebi goma."

Ba da mugunta ya yi ba, amma wallahi har yau in na tuna dariyar nan raina ɓaci yake. Ko tambayar wanne ne bai yi ba. Baba kuma, da kunyarsa ta mutanen da, ina zai iya zancen 'yarsa a gaban baƙo? Godiya ya yi muka fito.

Ran Asabar muka tarar da bututun a tsaye, ƙofofin a tsaye, katangar gabas ce kaɗai babu. Ita ce kusa da hanya, da ita suka fara. Mai gadi ya ce tifa ta kwashe, an sayar wa masu gini a Dilimi da wasu unguwanni. Sai ya nuna wa Baba goman da aka ware masa, zaɓaɓɓu, sumul, ko tabo babu.

Baba bai yi kuka ba, ni na yi. Amma daga ranar tafiya da shi cikin gari ta zama aiki. Duk katangar jan bulo da muka zo wucewa sai ya rage sauri, ya bi ta da tafin hannu daidai ƙugunsa. Mutane su zaci jiri ke ɗibarsa, har wasu su kawo masa kujera. Daga baya yawancin katangun aka yaɓe su da siminti, amma bai fasa shafawa ba har ya rasu.