Fartanyar da Kawu Idi Ya So Ɓoyewa

Da damunar nan Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata, ya cika shekara goma sha huɗu da rasuwa. Maƙeri ne a Gwaram, bai taɓa zama a aji ba, amma duk ranar da na sa hannu a takarda a matsayin injiniya sai na tuna cewa ba don shi ba da tuni an kore ni daga makaranta.

Lokacin Jigawa tana sabuwa fil, kowa na cewa jiha na buƙatar 'ya'yanta masu ilimin fasaha. Na bar gidanmu a Birnin Kudu na shiga kwaleji, sashen fasahar ƙere-ƙere. Mu biyu ne kacal mata a ajin. Kawu tun ban san kan sufana ba yake kirana Injiniya, rabi tsokana rabi alfahari.

A shekara ta biyu muka haɗu da kwas ɗin ƙididdiga, wanda Malam Bashari ke koyarwa. Ya ba mu aiki: kowa ya samo abu talatin da hannu ɗaya ko inji ɗaya ya ƙera, ya auna nauyinsu, ya fitar da matsakaici, ya nuna yadda suka bambanta. Ni kuwa na ce kakata ta yanke saƙa. Na aika wa Kawu ta hannun wani direban Gwaram cewa ina son ruwan fartanya talatin, malamai za su duba.

Kwana huɗu sai ga su a ƙunshe cikin sabon buhu. Na ɗora su a sikelin makaranta ɗaya bayan ɗaya, nauyinsu kusan ɗaya sak. Na yi lissafina ina murna, na miƙa.

Malam Bashari ya kira ni ofis, fuska ba annuri. “Hajara, hannun mutum ba ya yin haka. Zama kika yi a ɗaki kika ƙirƙiro lambobi.” Ya ce nan da mako guda zai miƙa ni gaban kwamitin ladabtarwa, kuma kowa ya san hukuncin ƙirƙirar sakamako kora ne. Wallahi na yi kuka, don ban ga da idon da zan kalli mahaifina ba, shi da ya toshe kunne da surutun dangi ya bar ni na karanci aikin ƙarfe.

Da labari ya kai Gwaram, abu biyu suka ɓata wa Kawu rai, kuma har yau ban san wanne ya fi ba: an ce 'yarsa maƙaryaciya ce, an kuma ce hannunsa bai iya ba. Ya saka rigarsa ta Juma'a, ya tattara sauran fartanyun maƙerarsa gaba ɗaya a buhu, ya loda a mota, sai ga shi a ƙofar ajinmu.

Malam ya auna talatin ɗin nan da kansa, ya ga lambobina ne. Ya juya ga Kawu ya tambaya, “Baba, yaya kuka ɗebo su?”

“Ɗebowa kuma? Zaɓa na yi mana! Kwana uku ina jinjina su a tafin hannu. Kayan da za a kai gaban malamai sai in kwaso su kamar gyaɗa?”

Aji ya fashe da dariya, har da Malam. Ya ba ni haƙuri a gaban kowa, amma ya ce kuskure nawa ne: samfur ba a zaɓensa, ɗauka ake yi ido a kauce, mai kyau da maras kyau, in ba haka ba lissafin ba zai faɗi gaskiyar maƙerar ba. Sai in sake.

Aka zazzage buhun a ƙasa don a cakuɗa. Nan na hango Kawu yana jan wata fartanya da ƙafa yana turawa ƙarƙashin rigarsa. Siririya ce, bakinta a karkace. Na ce, “Kawu, har da ita.” Ya harare ni, ya dubi ɗalibai, sannan ya sunkuya ya jefa ta cikin tarin. “To, a auna ni da ita.”

Ta kuwa fito cikin talatin ɗin da na ɗebo. Wannan karon lambobi suka bazu yadda ya kamata, zanen da na yi na bambancin nauyinsu ya tashi da tudunsa a tsakiya, ita kaɗai can gefe. Kafin Kawu ya tafi Malam ya riƙa miƙa masa fartanya bibbiyu yana tambayar wadda ta fi nauyi, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ɗalibai suka tashi tsaye suna tafi. Ni na fi kowa maki a kwas ɗin, kuma na ji an daɗe ana ba 'yan bayanmu labarin “zaɓen Kawu”.

Yau ni ke duba ingancin kaya a wata masana'anta a Kano. Kwamfuta ke zana abin da na kwashe kwana biyu ina yi da fensir. Da Kawu zai ga fartanyun inji da suka cika kasuwar Gwaram, na san zai jinjina ɗaya, ya ja tsaki, ya ce ba ta da rai. Amma da zai ga 'yan matan yankinsu, na Fagam da Dingaya, sanye da rigar aiki a gaban inji, bakinsa ba zai rufu ba.

Maƙerarsa ta rushe, zugazugin ma ban san inda ya shiga ba. Abin da na gada shi ne karkatacciyar fartanyar nan, tana kan teburina. Duk sanda wani manaja ya matso yana raɗa mini cewa a cire kayan da suka gaza kafin masu bincike su iso, sai in dube ta in ce masa a auna mu da su. Allah Ya jiƙan Kawu Idi, Ya auna shi da rahamarSa.