Kwandon Kifi daga Tibati

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, atamfa yake sayarwa kafin ya zama ɗan kwangila. Fatauci ne ya kawo kakanninmu Garwa ta Kamaru daga Najeriya, kuma a gidanmu ba a ce wa mai saye babu. In abin da yake nema ba ya shagonka, sai ka ba shi kujera, ka zaga ta baya ka ɗauko a wurin maƙwabci. Da wannan tarbiyya Kawu ya buɗe kamfanin gini: tifa ɗaya, injin kwaɓa siminti ɗaya, da magina waɗanda ya san iyayensu.

Na kama aiki wurinsa bayan na gama karatu a Yawunde, a shekarun da tattalin arziki ya taɓarɓare, gwamnati ta daina ɗaukar irinmu. Malam Wataƙila yake kirana, don a cewarsa ko an tambaye ni rana ta fito sai na leƙa waje tukuna.

A waɗannan shekaru na ga kamfanonin gini da dama sun rufe. Ba zan ce duka ba, amma yawancin waɗanda na sani ba rashin aiki ya kashe su ba. Aiki ne ya yi musu yawa. Mutum zai karɓi na biyu bai gama na farko ba, ya kwashe magina da inji ya kai can. Damina ta sauka a kan bangon da ba a rufe ba, siminti ya daskare a buhu. Mai aikin farko ya fusata, na biyu ma bai gamsu ba, sai ka ga allon kamfani kawai ya rage a bakin titi.

A wannan shekarar azuzuwan wata makaranta ne a hannunmu, da alkawarin miƙa su kafin a koma karatu. Aikin kuwa ya rataya ne a kan yashi. Da rani kogin Binuwai yakan janye ya bar yashi fili guda, tifofi su shiga su ɗiba. Da zarar ruwa ya dawo, ƙofar ta rufe sai baɗi. Hadari ya riga ya fara haɗuwa ta kudu, mu kuwa ko rabin abin da muke bukata ba mu tara ba.

Ranar nan na shiga zauren Kawu na iske ƙaton kwando na bandar kifi, ƙamshi ya cika wurin.

"Zauna, Malam Wataƙila," in ji shi. "Alhaji na Tibati ne ya aiko, abokin marigayi babana. Sito yake so a gina masa, da jerin shaguna. Jibi tifa za ta ɗauki inji ta wuce."

"Kawu, yashin fa?"

"In ta dawo."

"Ina ganin kamar, wataƙila, ba za ta dawo da wuri ba. Can ruwa yakan riga mu sauka, hanyar kuma..."

"Kamar! Wataƙila! Kai dai ko aljanna aka buɗe maka sai ka tambayi ƙofar fita."

Na yi dariya, don ba ƙarya ya yi ba. Amma na san hanyar. Sai an haura dutsen Gaundare, sannan a bi jar ƙasa wadda ke zama kunu da ruwan farko. In tifa ta maƙale a can, kogi zai cika ba mu da yashi, makaranta ta tsaya, sito ma ya tsaya, don maginanmu ba su isa a raba su biyu ba. Na faɗa masa haka dalla-dalla, kuma a wannan karon ban sa wataƙila ko ɗaya ba. Ni kaina na ji muryata ta zama baƙuwa.

Ya juya ya dubi kwandon.

"An riga an ci kifin," ya ce. "Gwaggonka ta yi miya da shi jiya, kai ma an kai maka. Da wane baki zan ce wa dattijon nan a'a?"

Nan matsalar take. A wurin dattawa irinsu, karɓar kyauta amsawa ce. Na ce masa a gini babu shagon maƙwabci da za a zaga a ɗauko. In ya amsa ya kasa, kunyar za ta tsaya a tsakiyar Tibati, bango ba rufi, kowa yana wucewa yana cewa na wane ne.

Washegari Kawu ya ce kada tifa ta bar kogi. Ya zaɓi turamen atamfa mafi kyau a tsohon shagonsa, ya shiga motar haya zuwa Tibati da kansa, ya ce irin wannan magana ba a aika ta.

Da ya dawo mun riga mun tara tsibin yashi ya fi katanga tsawo. Na tarye shi a shantiye, wato wurin aikin.

"Yaya kuka yi, Kawu?"

"Na ce masa bana ba zan iya ba. Tun da aka haife ni ban taɓa furta haka ba, har harshena ya yi nauyi. Ya harare ni, ya ce ashe jikokin fatake sun lalace. Sannan ya ce baɗi da rani in zo, in kuma taho da yaron da ya hana ni, yana so ya ga fuskarsa."

Ba a jima ba kogi ya cika har ya shafe hanyar da tifofi ke bi. Muka yi wa azuzuwan rufi, yara suka shiga a kan lokaci. Sito kuwa mun gina shi da rani mai zuwa, da injinmu ɗaya, da maginanmu duka a wuri guda. Ranar da muka isa Tibati, Alhaji ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ne ka ci kifina ka hana ni sito?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya sa aka kawo mana wani kwandon.